Littafin da Anti Tabarau Ba Ta Gama Ba

Anti Tabarau ba ta shiga jami'a da ƙuruciya ba. Ta shiga da 'ya'ya, da ciwon baya, da furfurar da take turawa ƙarƙashin ɗankwali. Yaran ajinsu ne suka sa mata sunan, don a shagon tabarau take aiki kuma ta girme su duka. Tun tana harararsu idan sun kira ta haka har ta koma amsawa.

Aikin shagon ba wuya gare shi ba, cin rai ne. Likitan ido ya rubuto lamba, ita ta zaunar da mutum gaban madubi, ta ɗora masa wannan ta cire wancan, ta gasa hannun tabarau ta lanƙwasa har ya zauna a bayan kunne, ta miƙa masa kati mai ƙananan rubutu ta ce karanta. Tun tana budurwa take wannan. Da mai shagon ya tsufa ɗansa ya karɓa, sai aka fara maganar ana son sababbin fuskoki a gaban shago. Ba ta jira a fassara mata ba. Ta ce gara ta nemi takardar da za ta koyar da ita a sakandare kafin a nuna mata ƙofa.

Karatun aikin akanta ta nema. Adabin Turanci aka ba ta, don nan ne gurbi ya rage. Mijinta mai gyaran firji ne. Ya ji bayani ya goge hannu da tsumma ya ce, "Wato shekara da shekaru za ki yi kina karanta tatsuniyar Turawa?"

"Haka suka ce."

"A ƙarshe kuma a ba ki digiri?"

"In ji su."

"To Allah ya ba da sa'a, Farfesa. Da na sani da ni na je, ai na fi ki iya ƙarya."

Daga ranar bai sake kiran ta da wani suna ba sai Farfesa.

Ba haziƙa ba ce, kuma ba wanda ya taɓa yi mata ƙaryar haka. Turancinta na shago ne: sannu da zuwa, zauna nan, wannan ya yi maka kyau. Tsofaffin waƙoƙin Turawa sun ba ta kashi har ta maimaita kwas ɗin. Abu ɗaya take da shi, ba ta tsallake shafi. Yaran ajin taƙaitaccen bayani suke karantawa a waya, su shiga jarrabawa su fito suna dariya. Ita littafi a kan cinya a bayan teburin shago, ƙamus a gefe, mai saye ya shigo ta tura su ƙasa da gwiwa. Ta raina masu karatun waya, kuma ba ta ɓoye musu ba.

Karatun ya ja. Ta ajiye shi ta haifi auta. Ta sake ajiyewa lokacin da firji ya suɓuce daga bene ya karya wa mijinta ƙafa, ta zama ita ce mai jinya ita ce mai nema. Jami'a kuwa tana da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi. Shugaban sashe ya kira ta ofis a farkon shekara ya gaya mata ba tare da ya ɗago kai ba: bana ce ta ƙarshe. In ta fita bana, ta fita da digiri. In ba ta fita ba, fitar da ita za a yi hannu rabbana, kamar ba ta taɓa zama a aji ba.

Abin da ya rage mata kundin kammalawa ne. Kowane ɗalibi zai ɗauki littafi guda ya yi nazari a kansa ya rubuta, sannan ya zauna gaban malamai da wani baƙon malami daga wata jami'a ya kare abin da ya rubuta. Wanda ya faɗi a nan bai gama ba. Malamin da aka ba ta ya duba aikinta shi ne wanda ɗalibai ke kira Dokta Sai-Gobe, don duk lokacin da ka je ofishinsa amsar ke nan. Shi ya zaɓa mata littafin, wani tsohon ƙagaggen labari da ba a cika karantawa ba, wai don kada ta sami inda za ta kwafa. Babu shi a laburare, babu a kantin littattafai. Ya ce ta je wurin mai fotokwafi a bayan sashe, akwai a can.

Labarin wata mai aikin gida ce a wata ƙasa mai sanyi, a gidan wani mai masaƙa. Ta shiga gidan tana yarinya, ƙarfinta ya ƙare a ciki, ana kiran ta da ƙararrawa ba da suna ba. Mijinta ya mutu ya bar mata 'ya ɗaya. Ranar da mai gidan ya ce 'yar ta isa ta fara aiki ita ma, matar ta ɗaure kayanta, ta kama hannun yarinyar, suka hau jirgin ƙasa. Jirgi ya motsa. Aya. Sauran shafin fari tas.

A shago Anti ta kai wurin. Ta rufe takardun ta rungume su, ba ta ga mai saye ya shigo ba sai da ya yi gyaran murya. A kan haka ta gina kundinta, babi huɗu, a kan matar da ta fita ba ta waiwaya ba. Sharhin masana a kan littafin kaɗan ne. A cikin wanda ta samu wani ya ambaci komawar matar, Anti ta ɗauka ziyarar da ta kai ƙauyensu a tsakiyar labari yake nufi, ta wuce. Dokta Sai-Gobe ya riƙe kundin wata da watanni, ya gyara waƙafi a shafukan farko, ya ce faɗin gefen takarda bai kai ba, ya sa hannu.

Ranar karewa mijinta ya kai ta a babur, yana ɗingisa ƙafa ya sauka ya gyara mata jaka. "In sun matsa miki, Farfesa, ki ce su zo su gyara firji mu gani."

"Tafi, kada ka sa ni dariya cikina ya kwance."

Ɗalibai na zaune a dogon benci a barandar sashe, kowa da kundinsa a ƙirji. Ana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Baƙon malamin bana mace ce. Wanda ya fito a yanyame shi da tambaya: yaya baƙuwar take? Amsar ɗaya ce. Tsohuwa ce, ƙarama, tana tari, kuma ta karanta komai.

Kusa da Anti akwai wata yarinya da ake kira Rediyo, don bakinta ba ya mutuwa. Tsoro ya ƙara mata surutu. Ta fizgi kundin Anti ta ce, "Kawo in zama baƙuwar, in gasa ki tun a nan." Ta duba sunan littafin ta danna a waya, ta ɗan karanta, ta tsuke baki ta yi tarin ƙarya. "To, ɗaliba. Gaya mana, me ya sa matar ta koma gidan?"

"Wane gida?"

"Gidan mai masaƙar mana."

"Ba ta koma ba."

"Ta koma, Anti."

"Ke, na karanta littafin nan har ya yage a hannuna. Kin taɓa ganin ko bangonsa?"

"Ban taɓa ba. Amma ga shi nan, wai ta sauka a tasha ta gaba, ta koma, a gidan ta mutu. Layi uku ne kawai."

Anti ta karɓi wayar. Ta karanta layi ukun. Ta sake karantawa. Ta ji bencin kamar ya yi ƙasa da ita. Ta zaro nata kwafin daga jaka ta buɗe shafin ƙarshe, ga jirgi ya motsa, ga aya, ga farar takarda.

"Anti, lafiya? Wallahi wasa nake..."

"In an kira ni ki ce ina banɗaki."

Ba ta yi gudu ba tun tana yarinya, amma ranar ta yi abin da ya yi kama da shi. Shagon mai fotokwafi ɗan akurki ne na kwano, zafi da warin tawada sun cika shi, takardu har rufi.

"Anti Tabarau! Kin shigo kamar an biyo ki."

"Ɗauko min uwar littafin nan, wadda kake bugawa daga ita."

Ya hau kujera ya lalubo wani ɗauri da ƙura ta rufe. Ta fizge ta juya bayansa. Jirgi ya motsa. Aya.

"Daga ina ka buga wannan?"

"Wani tsohon littafi ne Dokta ya kawo tun zamanin tsohon injina. Ko bangon baya ba shi da shi. Abin da aka ba ni shi na buga."

"Ba ka ga ya gutsure ba?"

"Ni takarda nake gani, Anti, ba labari ba. Kuma na sayar wa mutane da dama, ba wanda ya dawo." Ya sosa ƙeya. "Tsakani da Allah, wa ke kaiwa can?"

Ba ta da lokacin zaginsa. Ta koma ta tarar da Dokta Sai-Gobe ya fito baranda yana amsa waya. Ta tsaya a gabansa har ya kashe.

"Dokta, ka karanta littafin nan har ƙarshe?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Madam?"

"Matar ta koma."

"Ta koma?" Ya gyara wuyan riga. "Eh mana, ta koma. Ai sananne ne."

"Ni na rubuta ba ta koma ba. Babi biyu cur a kan haka suke. Kuma ka sa hannu."

Ya duba hagu ya duba dama, ya ja ta gefen taga. Zufa ta tsattsafo masa a hanci. "Saurara. Ki ja ta zuwa babi na ɗaya, ki yi ta magana har lokaci ya ƙare. In ta taɓo ƙarshen, ki ce da gangan kika tsaya a jirgin, salon nazari ne, ana yi. Kuma kada sunana ya fito daga bakinki. Kin ji ko?"

Kafin ta amsa aka kira ta.

Ɗakin yana da dogon tebur da fanka mai ƙara. Shugaban sashe a tsakiya, malamai a gefe, Sai-Gobe ya shigo ya zauna a can ƙarshe. Baƙuwar tana hannun dama, kujerar ta yi mata girma, filas na ruwan zafi a gabanta. Kusa da filas ɗin ga littafin, na gaske, mai bango, an cusa masa guntayen takardu a tsakanin shafuka. Anti ta dubi kaurinsa. Guntayen takardun sun fi yawa a wajen ƙarshe.

Da Turanci ake komai a ɗakin. Aka ce ta gabatar da aikinta. Ta fara, ta kuskure, ta sake farawa. Ta kama babi na ɗaya ta riƙe: ƙararrawar gidan, yadda kicin yake a ƙasa masu gida a sama, yadda ba a taɓa ambatar sunan matar a bakin mai masaƙa ba. Wannan ta san shi kamar tafin hannunta. Baƙuwar tana gyaɗa kai, tana kurɓar ruwan zafi. Anti ta fara jin ko za ta tsira.

Baƙuwar ta yi tari, ta ajiye kofi. "Babin farko ya yi. Kina da ido. To, kin rubuta cewa ta fita ba ta waiwaya ba. Me kika yi da tasha ta gaba?"

"Da gangan na tsaya a jirgin, ranki ya daɗe. Salon nazari ne."

"Da gangan."

"Eh."

"Madalla. Ana yi. To da ta sauka, wa ta fara yi wa magana a tashar?"

Fanka tana ta ƙara. Anti ta dubi tebur. Layi ukun nan ba su ce komai a kan wannan ba. Ta yi canki.

"Mai sayar da tikiti."

"Babu mai tikiti a tashar."

Wani malami ya juya biro a hannu. Sai-Gobe yana kallon taga kamar an aike shi ƙirga ganyen bishiya. Anti ta buɗe jaka, ta fito da kwafinta da ya sha hannu, ta buɗe shafin ƙarshe ta tura shi kan tebur. Turancin ya gudu ya bar ta, ta tattaro abin da ya rage.

"Nan nawa ya ƙare. Ban san akwai saura ba sai ɗazu a baranda. Abin da na ce miki na da gangan, ƙarya ne."

Baƙuwar ta jawo takardun, ta duba, ta buɗe nata littafin ta gwada. Ta kama abin da ya rage tsakanin yatsu biyu ta ɗaga. Ba kaɗan ba ne.

"Na sha gaya musu su nemi cikakken littafi," in ji Sai-Gobe. "Ɗaliban yanzu..."

"Sa hannun wa ke nan a shafin farko na kundin, Dokta?" Baƙuwar ba ta ko dube shi ba. "Za mu zo kanka."

Shugaban sashe ya gyara zama. Ya ce ƙa'ida a fili take, kundin da aka gina a kan littafin da ba a gama ba ya faɗi. Ya ƙara da cewa ɗalibar nan kuma shekarunta sun cika, babu maimaici. Ya faɗe shi yadda ake faɗin farashin kaya.

Baƙuwar ta daɗe tana kallon Anti. Sannan ta tura mata littafin. "Je ki waje ki karanta sauran. In na gama da ɗalibi na ƙarshe ki dawo ki gaya min abin da ya rage a kundinki. Ba alheri nake miki ba. Kin yi min ƙarya a fuska. So nake in gani ko kin iya karatu, ko son labarin kawai kike."

A kan matakalar bene ta zauna, inda ba kowa. Babu ƙamus, kalmar da ba ta sani ba ta taka ta wuce. Jirgi ya tsaya a wata ƙaramar tasha. Yarinyar ta tambayi inda za su kwana, uwar ta ɗauki ɗaurin kayanta. Suka sauka. Ba wanda ta yi wa magana sai wata tsohuwa mai share dandamali. Suka zauna a benci har jirgin komawa ya zo. Mai masaƙa ya buɗe ƙofa, ya matsa ta wuce. Washegari 'yar ta fara aiki.

Anti ta ji kamar ta yi jifa da littafin. Waya ta yi ƙara.

"Farfesa, an gama? In sayo lemo?"

"Kada ka sayo komai."

"Me ya faru?"

"Ina karatu, Baban yara. Kashe."

Ta karanta har inda aka rubuta ƙarshe da manyan baƙaƙe. Sannan ta koma baya, wurin da matar ke ɗaure kaya, wurin da ta sha ja wa layi a nata kwafin. Ga shi nan a tsakiyar shafi, matar ta rufe kicin ta jefa makullin a aljihunta. Ba ta ajiye shi a tebur ba. Anti ta sha wucewa ta kan wannan layin.

Rana ta yi sanyi kafin na ƙarshe ya fito. Baranda ta watse, Rediyo kaɗai ta rage, kuma ta yi shiru. Anti ta shiga ta ajiye littafin.

"Ina jin ki," in ji baƙuwar. Muryarta ta dushe.

"Babi na ɗaya yana nan. Na biyu rabinsa. Na uku da na huɗu sun mutu."

"Me ya sa ta koma?"

"Ba ta da wurin zuwa, kuma tun a kicin ta san haka. Ta tafi da makullin. Wanda ya bar gida don kada ya dawo ba ya tafiya da makulli."

"Wannan yana cikin kwafinki. Me ya hana ki gani?"

"Na gani. So nake ta tafi."

"To ba aikinki ba ne ki so mata komai. Fita ki jira."

Ta tsaya a bakin ƙofa. Tana jin muryar shugaban sashe tana hawa, ta Sai-Gobe tana katsewa, sai tari, sai shiru. Ta jingina da bango. Ta yi tunanin shago, da ɗan mai shago, da yadda za ta shiga gida ta gaya wa yara. Da aka buɗe ƙofa sai da aka kira ta sau biyu.

Shugaban sashe ne ya faɗi hukuncin, kuma a fuskarsa an ga ba son ransa ba ne. An ba ta maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi, bisa sharaɗi. Za ta sake rubuta babi biyu da rabi kafin a rufe sakamakon bana, makonni kaɗan ke nan. Baƙuwar da kanta za ta duba, ba Dokta ba. In bai yi ba, shi ke nan.

"Kada ki gode min," in ji baƙuwar tana rufe filas. "Ban gama da ke ba."

Ta rubuta. Ɗan mai shago ya ƙi ba ta hutu, ta yi a bayan tebur tsakanin masu saye. Baƙuwar ta dawo da aikin sau ɗaya, jan biro ko'ina, sannan ta karɓa. Sunan Anti ya fito a jerin waɗanda suka gama, can ƙasa. Makin kundin ya ja digirin ya sauka mataki guda, kuma makarantun da take hange ba su ɗauke ta ba saboda haka. Wata ƙaramar sakandare a bakin gari ce ta ɗauke ta, mota biyu take hawa kafin ta isa. A nan take har yanzu, tana koyar da 'yan aji uku da huɗu, yaran suna cewa ta cika tsanani.

Dokta Sai-Gobe yana nan a sashen, an ƙara masa girma ma. In sun haɗu a hanya ba ya amsa gaisuwarta. Littafin kuwa ba ta sake buɗe shi ba. Har yau haushin matar cikinsa take ji.